Soket mai ƙafa 13

soket mai ƙafa 13 (suna, namiji): mahaɗin wuta a ƙugiyar bayan mota, wanda ke kai lantarki ga tirela mai ɗakin kwana. A Turai ya maye gurbin tagwayen soket masu ƙafa 7. Ƙafa ta 9 na ba da wuta kullum, ta 10 kuwa sai mota na kunne.

Kada a sa rai zai cika batirin tirela a tafiya. Wayar doguwa ce, siririya, wuta na raunana kafin ta isa, ga firji na jan nasa rabo. Wasu kan ce waya mai kauri ta wadatar. Tana taimakawa, amma altanetar sababbin motoci, wato na'urar da ke cajin batiri, kan rage ƙarfin wuta don tsimin mai, shi ya sa cajar DC-DC, mai ɗaga ƙarfin, ta fi dacewa.