Bawul ɗin Numfashin Inji a Tsofaffin Motocin Soja

Bawul ɗin numfashin inji ƙaramin kayan aiki ne da ke daidaita fitar hayaƙi daga ƙasan inji, wato ɗakin da karanshaf ke juyawa a saman kaskon baƙin mai. Komai lafiyar ringi, duk lokacin da fetur ya kama da wuta a silinda, wani kaso na hayaƙin yana sulalewa ta gefen fistin ya gangara ƙasa, ɗauke da tururin ruwa da ɗanyen fetur. Idan bai sami mafita ba sai ya tsinka mai, ya tara dauɗa mai kauri, ya kuma yi ta matsa gasket har inji ya fara yoyo.

Motocin da aka ƙera kafin shekarun 1960 galibi bututu ne kawai gare su, buɗaɗɗe, bakinsa na kallon ƙasa, iskar gudu ce ke zuƙe hayaƙin. Wannan bai yi wa soja ba. Motarsa tana tafiya a hankali cikin daji, tana kuma ratsa kogi, inda buɗaɗɗen bututu zai sha ruwa. Don haka a Yaƙin Duniya na Biyu sojojin Amurka suka koma ga rufaffen tsari: tiyo daga ƙasan inji zuwa manifol, da bawul a tsakani, hayaƙin ya koma silinda ya ƙone. An sa shi a motar jif Willys MB, sannan a M38 ta 1950. Sai a 1961 jihar Kalifoniya ta fara ganinsa a motocin farar hula, don rage gurɓatar iska.

A cikin bawul ɗin akwai ɗan toshi da sifirin. Idan inji na sulo, zuƙar manifol tana da ƙarfi, sai toshin ya kusa rufe hanya don kada iska ta yi wa fetur yawa. Idan aka taka totur zuƙar ta ragu, sifirin ya buɗe hanya, daidai lokacin da hayaƙin ya fi yawa. In wuta ta dawo baya ta manifol, bawul ɗin yana rufewa ruf, kada ta isa ga tururin mai.

A Najeriya an fi sanin Land Rover da Bedford, waɗanda sojoji suka yi aiki da su har a yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Injin fetur na Land Rover mai lita 2.25, wanda ya fito a 1958, ya fara ne da murfin numfashi mai ragar waya a ciki. Daga baya aka sa wa wasu bawul mai faifan roba, wanda zafi ke busarwa har ya tsage.

A ƙasar Gumel, daga Gagarawa da Sule Tankarkar zuwa Maigatari, inda kasuwar dabbobi ke ci ran Alhamis a bakin iyakar Nijar, rairayi da ƙurar hunturu ne babbar barazanar tsohon inji. Tsarin yana zuƙo sabuwar iska ta maye gurbin hayaƙin da ya fita, kuma in ragar ta yage ko tiyo ya tsage, ƙura ce ke shiga ta gauraye da mai ta ci ringi da metal. Shi ya sa cire bawul a bar rami buɗe, ko a toshe shi da ƙusa, kuskure ne mai tsada, ko da mota ta ci gaba da tafiya.

Bawul da ya maƙale a rufe yana jawo yoyon mai ta gaba da bayan inji. Wanda ya maƙale a buɗe kuwa yana hana sulo zama, ya jiƙa filogi, salansa ta riƙa shuɗin hayaƙi. Makanikai kan cire na ƙarfe su girgiza: in toshin bai yi ƙara ba, a wanke da kananzir. Mai faifan roba ba ya wankuwa in ya tsage, sai dai a sake faifan.