Yadda El-Kanemi ya buɗe muhawara da Sakkwato

Malaman da suka yi rubutun jayayya a ƙasar nan ba sa faɗawa cikin magana kai tsaye. Sai an yi bisimilla, an gode wa Allah, an yi salati ga Annabi, an gaida wanda ake rubuta wa, sannan a shiga batu. Wasiƙar da na fi so ɗalibaina su duba ita ce ta Shehu Muhammadu El-Kanemi zuwa ga shugabannin jihadin Sakkwato, bayan Birnin Gazargamu, babban birnin Barno, ya faɗi a 1808.

Mutumin nan yaƙi ake yi da ƙasar da yake karewa, amma bai fara da zagi ba. Ya gaishe su a matsayin malamai. Ya ce ya tarar da fitina a Barno, ya tambayi Fulanin da ke kusa dalili, amsarsu ba ta gamsar da shi ba. Daga nan ya aza tambayarsa: da wace hujja kuke yaƙar mutanen da ke salla da azumi? Duk abin da ya biyo baya, batun cin hanci, cin dukiyar marayu, mata marasa lulluɓi, a kan tambayar nan ya rataya, don a ganinsa saɓo bai kai kafirci ba.

Ni dai ina ganin gabatarwar ce ta sa Muhammadu Bello, ɗaya daga cikin shugabannin jihadin, bai iya kau da kai ba. Ya amsa masa dalla-dalla, ya kuma adana wasiƙun ɓangarorin biyu a cikin littafinsa Infaƙul Maisuri, wanda ya kammala a 1812.