'Yan Mazan Jiya: Daga Bama Zuwa Sojan Sama

Mu mutanen Nguru da Gashuwa, yawancinmu ba ma tuna 'yan mazan jiya sai ranar 15 ga Janairu. A da ma ranar 11 ga Nuwamba ake bikin, irin na Ingila. An sauya ne saboda a ranar 15 ga Janairun 1970 Biyafara ta miƙa wuya.

Ƙungiyarsu, Nigerian Legion, doka ta kafa ta a 1964. A watan Afrilun shekarar aka kafa rundunar sojan saman Najeriya, da taimakon Jamus ta Yamma. Ashe ke nan ƙungiyar da rundunar tsara ne, ba a tarar da tsohon sojan samanmu a cikinta ba tun farko. Dattawanta na fari sojan ƙasa ne, musamman 'yan Bama na runduna ta 81 da ta 82 da suka gwabza da Japan. Matuƙa jirgi da makanikai sai daga baya suka shigo, kuma har yau su ne tsiraru.

'Yan Bama kusan duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansu. Mai tsohon soja a gida, ya aiko mana da sunansa da rundunarsa, muna haɗa kundi.