Daga Zauren Masu Yoga zuwa Ɗakin Likita: Tarihin Ashwini Mudra

Gabatarwa

Akwai wasu sassan jiki da kunya ke hana mu ambatonsu a bainar jama'a, amma ciwo ba ya jin kunya. Ɗaya daga ciki shi ne tsokokin da ke shimfiɗe a ƙasan mara, waɗanda ke tallafe da mafitsara da mahaifa da ƙarshen hanji. A wannan maƙala za mu bi sawun wani motsa jiki da ya shafi waɗannan tsokoki, mu ga yadda ya faro a ƙasar Indiya a matsayin ibada, sannan ya ɓulla a asibiti a matsayin magani.

Asalinsa a Indiya

Masu yoga na dā sun yi imani cewa a jikin ɗan Adam akwai iskoki iri-iri. Biyu daga cikinsu su ne firana, wadda ke ƙirji, da afana, wadda ke mara tana gangarawa ƙasa. Burinsu shi ne su juyo da afana sama ta haɗu da firana, domin a tayar da wani ƙarfi da suke kira kundalini, wanda suka siffanta da macijiyar da ta naɗe tana barci a gindin ƙashin baya. Littafin Hatha Yoga Pradipika, wanda Swatmarama ya tsara da harshen Sanskrit a ƙarni na 15, ya bayyana hanyar yin haka. Ana danna dunduniya a tsakanin dubura da al'aura, a tsuke wurin, a riƙe. Sunan wannan aiki mula bandha, wato ƙullin tushe, kuma yana cikin ƙulli uku da ake haɗawa da riƙe numfashi. Sauran biyun a ciki da maƙogwaro ake yin su.

Wajejen shekarar 1700 sai littafin Gheranda Samhita ya lissafa dabaru 25 da ake kira mudra. A cikinsu akwai ashwini mudra, wadda ta bambanta da ƙullin tushe ta fuska ɗaya: maimakon a tsuke a riƙe, tsukewa ake yi a saki, a kai a kai. Ma'anar ashwini ita ce goɗiya. Duk wanda ya taɓa tsayawa a barga ya ga yadda doki ke yi bayan ya yi kashi, ba ya bukatar ƙarin bayani. Littafin ya yi iƙirarin cewa aikin na kawar da cututtukan dubura, har ma yana tsare mutum daga mutuwar ƙuruciya. Irin wannan zuzutawa al'adar littattafan yoga ce, don haka ba za mu ɗauke ta a matsayin binciken likita ba.

Shigowar Zamani

A 1895 Srisa Chandra Vasu ya fassara Gheranda Samhita zuwa Ingilishi, abin da ake koya wa almajiri a asirce ya zama na duk mai iya karatu. A 1924 kuma Swami Kuvalayananda ya kafa cibiyar Kaivalyadhama a garin Lonavla, inda aka shiga gwada ayyukan yoga da na'urorin asibiti.

Turawa su ma sun iso ga waɗannan tsokoki, amma ta tasu ƙofar. A 1936 Margaret Morris ta wallafa littafi a Ingila kan motsa jiki ga masu ciki da masu jego, inda ta koyar da tsukewa da saki. A 1948 Arnold Kegel, likitan mata a birnin Los Angeles na Amurka, ya buga sakamakon aikinsa kan matan da fitsari ke kufce musu bayan haihuwa, ya kuma ƙera na'urar auna ƙarfin tsukewar. Da sunansa ake kiran motsin har yau. Kuskure ne mu ɗauka cewa abu ɗaya suke nufi da masu yoga. Mai ƙullin tushe yana riƙe numfashi don neman ɗaukakar ruhi, shi kuwa likita cewa yake yi kada a riƙe numfashi, kuma bukatarsa ita ce mace ta yi tari ko atishawa ba tare da zanenta ya jiƙe ba.

Kammalawa

Likitoci a yau kan fara da wannan motsi, na aƙalla wata 3, ga mai irin wannan lalura kafin a yi zancen tiyata. Sai dai wajibi ne mu bambance ta da yoyon fitsari da doguwar naƙuda ke haddasawa, wanda ya addabi mata da dama a arewacin Nijeriya. Wannan ɓulewa ce a mafitsara, kuma ɗinki take bukata, motsa jiki ba ya rufe ta.

Akidar kundalini ta masu ita ce, amma tsokokin na kowa ne. Magabatan Indiya sun dubi goɗiya suka samo suna ga abin da baki ke nauyin faɗa. Mu ma, ɗaliban harshe, aiki ne a kanmu mu samar wa Hausa kalmomi masu ladabi da mai jego za ta iya gaya wa ungozoma damuwarta da su, domin wanda ya ɓoye ciwonsa ya ɓoye maganinsa.