Gafara Bayan Rikici: Abin da Tarihin Jos Yake Koya Mana

Yau za mu waiwayi tarihin da yawancinmu muka gani da idonmu, mu kuma yi tambaya ɗaya. Mutumin da hannunsa ya taɓa yin ɓarna, ko zuciyarsa ta cika da ƙiyayya, yana da hanyar fita?

Gangare tsohuwar unguwa ce a cikin garin Jos. Tun lokacin da haƙar kuza ta jawo mutane daga ko'ina zuwa Filato, Hausawa suka zauna a wurin, suna cuɗanya da Berom da Afizere da Anaguta da sauran kabilu. Kasuwa ɗaya ake ci. Da Hausa ake ciniki, da ita kuma muke waƙa da wa'azi a majami'a.

Ran Jumma'a, 7 ga Satumba 2001, rikici ya ɓarke a Jos. Kafin mako ya cika, kusan mutum 1,000 sun rasa rayukansu. A Fabrairu 2002 babbar kasuwar Terminus ta ƙone. Faɗa ya sāke tashi a Nuwamba 2008 bayan zaɓen ƙaramar hukumar Jos ta Arewa, ya kuma dawo a Janairu 2010. Daga nan gari ya rabu. Musulmi suka tattara a unguwanni kamar Gangare da Unguwar Rogo, Kirista suka koma wurare kamar Jenta da Unguwar Rukuba. Maƙwabta na shekara da shekaru suka daina gaisawa.

An ƙidaya gawawwaki, an ƙidaya gidajen da aka ƙone. Amma akwai nauyin da ba wanda ya ƙidaya. A kowane ɓangare akwai waɗanda suka yi kisa, har da masu amsa sunan Kirista. Saurayin da ya ɗauki adda a 2001 yau magidanci ne. Wataƙila yana zuwa sujada kowace Lahadi, amma in an zo Jibin Ubangiji sai ya sulale ya fita. Wata kuma an kashe mata miji, har yau in ta zo wurin gafara a addu'ar da Ubangiji ya koya mana, sai bakinta ya yi nauyi. Dukansu biyu a ɗaure suke.

Bari mu dubi wani ɗan'uwa da ya san ɗaurin nan ta fuska biyu. Fasto James Wuye na ikkilisiyar Assemblies of God yana cikin shugabannin matasan Kirista masu fita faɗa a Kaduna. A 1992, sa'ad da rikicin Zangon Kataf ya bazu zuwa Kaduna, ya rasa hannunsa na dama. A ɗaya ɓangaren akwai Imam Muhammad Ashafa, wanda aka kashe masa malaminsa da 'yan'uwansa biyu a rikicin nan. A 1995 wani ɗan jarida ya haɗa su, suka fara aikin sulhu tare. Har da mahaifiyar Wuye ta kwanta a asibiti, Ashafa ya je ya dubo ta.

To, ga abin da ya kamata mu lura da shi. Wuye da kansa ya shaida cewa har shekara uku yana tafiya da Ashafa, amma ƙiyayya ba ta bar shi ba. In sun kwana ɗaki ɗaya a wurin taro, sai tunani ya zo masa ya danne shi da matashin kai. Baki yana maganar salama, zuciya tana neman fansa. Sai a wani taro a Abuja wani fasto ya faɗa masa gaskiya, cewa ba shi yiwuwa mutum ya yi wa'azin Almasihu da ƙiyayya a ransa. Maganar ta soke shi, ya tuba, ya kuma gafarta. Hannun bai dawo ba, amma ɗaurin ya kwance.

Filato ta ci amfanin tuban nan. A Fabrairu 2004 an kashe Kirista da yawa a cikin majami'a a Yelwa, ƙaramar hukumar Shendam. A watan Mayu aka yi ramuwa, aka kashe ɗaruruwan Musulmi, har Shugaba Obasanjo ya sa dokar ta-ɓaci a jihar. Wuye da Ashafa suka yi ta zuwa Yelwa suna zama da ɓangarorin biyu, har a 2005 shugabannin jama'a suka yi alkawarin zaman lafiya a gaban kowa. Mutumin da ya taɓa jan matasa zuwa faɗa shi ne ya ja dattawa zuwa sulhu.

Wannan ba sabon abu ba ne a wurin Allah. A Ayyukan Manzanni sura 7, Shawulu ne ya tsare tufafin waɗanda suka jajjefe Istifanas, Istifanas kuwa ya mutu yana roƙa musu gafara. A sura 9 Hananiya, wanda ya ji tsoron Shawulu ƙwarai, ya shiga ya kira shi ɗan'uwa. Bulus bai taɓa ɓoye abin da ya yi ba. A 1 Timoti sura 1 ya sa kansa a kan gaba cikin masu zunubi, amma bai zauna yana kuka a kan jiya ba, gama ya san jinin Yesu ya biya.

Kada wani ya ce gafara rufa-rufa ce. Zakka, a Luka sura 19, ya yi alkawarin mayar da abin da ya zalunta har ninki huɗu. In akwai kayan ganima a ɗakinka tun lokacin rikici, ka mayar. In ba ka san mai shi ba, ka je wurin fastonka da dattawan ikkilisiya su ba ka shawara. In an ɓata maka, gafartawa ba ta hana hukuma yin aikinta. Ramuwa ce kake sauke wa kanka, ka bar ta a hannun Allah.

Ya ɗan'uwa, ya 'yar'uwa, 1 Yahaya sura 1 ta tabbatar mana cewa Allah yana gafarta wa mai furta zunubinsa, ya kuma tsarkake shi. Kada ka jira sai ka ji zuciyarka ta yi sanyi. Ka durƙusa yau, ka faɗa wa Ubangiji abin da ya faru da sunansa. Sa'an nan, in kana da tsohon maƙwabci a Gangare wanda ka daina gaisarwa, ka nemi hanyar aika masa da gaisuwa.

Ubangiji ya ba mu alherin yin haka. Amin.