Yadda bismut ya shiga harkar juya maganaɗisu

Kowane ilekturon, ƙwayar da ke ɗauke da wutar lantarki, ɗan ƙaramin maganaɗisu ne mai fuskar da yake kallo. Masana na kiran wannan hali sifin, kuma Uhlenbeck da Goudsmit ne suka kawo batunsa a Leiden a 1925. An daɗe ba a ci moriyarsa a na'ura ba, sai a 1988 da Albert Fert a Faransa da Peter Grünberg a Jamus, kowa da nasa binciken, suka gano cewa siraran shimfiɗun ƙarfe na tace ilekturon bisa fuskarsa. Da wannan IBM ta inganta faifan ajiyar kwamfuta a 1997. Karatun bayanai ya samu ke nan, saura rubutu, domin rubutu juya maganaɗisu ne, juya shi kuwa na cin wuta, yana kuma haifar da zafi.

Mafita ta ɓullo ta inda ba a zata ba. A 2005 Charles Kane da Eugene Mele na Jami'ar Pennsylvania suka lissafa cewa za a iya samun abin da cikinsa ba ya barin wuta ta ratsa, amma gefensa yana bari. Shi ake kira topolojikal insuleta. Ƙungiyar Laurens Molenkamp ta gan shi da awo a Würzburg a 2007, sannan a 2009 aka tabbatar da halin a bismut selenayid. A fatar wannan sinadari, alkiblar tafiya da fuskar sifin a ɗaure suke. Kamar titi mai hannu biyu ne: masu yin gabas duk fuska ɗaya suke kallo, masu yin yamma kuwa akasinta. Da ka tura wuta, sifin ya jeru da kansa.

A 2014 masu bincike na Cornell da Penn State suka ɗora siririn gamin nikel da ƙarfe a kan bismut selenayid, suka auna yadda sifin ɗin fatar ke murɗa maganaɗisun gamin a zafin ɗaki. Ƙarfin murɗin ya zarce wanda ƙarfen filatinam ke bayarwa. A 2017 ƙungiyoyi a MIT da Singafo suka kifar da fuskar maganaɗisu gaba ɗaya ba tare da sanyaya komai ba.

Amma haɗin bai zo da sauƙi ba, kuma a ganina nan ne aikin gaske yake. Ƙarfe ya fi insuleta sauƙin bi, don haka yawancin wutar takan zille ta cikinsa ta bar fatar. Cikin sinadarin ma yakan yi yoyo idan ƙwayoyin seleniyam sun yi giɓi. Shi ya sa wasu suka koma ga maganaɗisun da ba ya ɗaukar wuta, irin su YIG, wasu kuma tun 2019 suke nazarin MnBi2Te4, wanda maganaɗisunsa a jikinsa yake, sai dai ba ya bayyana sai an sanyaya shi zuwa kusan digiri 25 na Kelbin.