Ina Manomin Rani a Littattafan Soyayya?

Muhawarar da aka tafka kan littattafan soyayya a shekarun 1990 ta tsaya ne a kan tambayoyi biyu: shin adabi ne, kuma shin suna ɓata tarbiyya? Ibrahim Malumfashi ya kira su Adabin Kasuwar Kano, yana kamanta su da ƙananan littattafan kasuwar Onitsha, su Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu kuma suka tsaya musu a shafukan jaridu. Mai karatun da ke zaune a Madobi ko Kura ko Bunkure yana da tasa tambayar da ba a cika yi ba: me ya hana masoyan labarin nan samun juna, kuma shin wannan cikas ɗin na gaske ne? Hujjar wannan maƙala ita ce, ƙarfin labarin soyayya yana ga nauyin abin da ya raba masoya, kuma a wannan ma'auni littattafanmu na yanzu sun yi sauƙi, na tarihi kuwa kusan ba a fara rubuta su ba.

Magabata sun fahimci wannan. A Jiki Magayi, na John Tafida da Rupert East, wanda ya fito daga Zariya a shekarun 1930, dukiyar Malam Shehu ce ta raba Abubakar da Zainabu. A So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwaheed, wanda kamfanin NNPC ya buga a 1980, asali da ƙabila ne suka tare wa Boɗaɗo hanya. Ado Ahmad Gidan Dabino, a In Da So Da Ƙauna na 1991, ya sa talaucin Muhammad a gaban arzikin gidan su Sumayya, har ta faɗa rijiya don gudun auren da ba ta so. Balaraba Ramat Yakubu ta fi kowa dukan ƙarfe da zafinsa: a Wa Zai Auri Jahila? an cire Abu daga makaranta an aurar da ita ga dattijo. Duk mai karatu ya san gida ɗaya ko biyu a unguwarsu da aka yi irin wannan. Sai dai abin lura, dattijon nan Sarkin Noma ne. Ɗaya daga cikin manoman da suka fi shahara a adabin namu, mijin auren dole ne da ake gudu.

Yau littafin ya bar teburin mai sayarwa ya koma waya. Ana sakin labari shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad da ArewaBooks, a karanta na farko kyauta, ragowar sai an biya. Wannan tsari yana da tasiri a kan zubin labarin kansa, domin marubuciyar da ke son a ci gaba da biya dole ta ja zaren. Shi ya sa cikas ya zama na ƙirƙira: miskilancin namiji, makircin uwar miji, asirin boka, rashin fahimtar da magana ɗaya za ta warware amma a kai shafi ɗari ba a yi ta ba. Jarumin likita ne ko soja ko ɗan hamshaƙi mai gida a Maitama. Ƙauye kuwa wurin da ake ɗauko yarinya ne a wanke ta, a yi dariyar yadda ta tsorata da na'urar sanyaya ɗaki, sannan a kai ta Dubai.

Ɓangaren tarihi ya fi ban takaici. Littattafan Shaihu Umar da Ganɗoki sun taɓo zamanin bauta da zuwan Turawa, amma ba labaran soyayya ba ne. Abin da ya cike gurbin shi ne littattafan yaƙi irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini, masu gimbiya da sadauki da aljanu a biranen da babu su a taswira. Suna da daɗi, suna da masoya, amma jikokin Dare Dubu da Ɗaya ne, ba su da alaƙa da tarihin ƙasar Hausa. A Masar, Jurji Zaidan ya rubuta littattafai sama da ashirin kafin rasuwarsa a 1914, yana saƙa soyayya a cikin tarihin Musulunci, ta haka jama'a suka san Andalus da Abbasiyawa ba tare da shiga aji ba. Mu ma ba kayan aiki muka rasa ba. Kura ta yi suna da rini tun ƙarni na 19, turkuɗinta yana kaiwa ga Buzaye har cikin Sahara. A ce ɗan marini ya so 'yar fatake, ai labari ya samu. Basasar Kano da ta ɓarke a 1893 tsakanin Tukurawa da Yusufawa ta raba dangi da surukai. A 1903 rundunar Turawa ta fasa Bebeji, maƙwabciyarmu, a hanyarta ta zuwa Kano. Ga kuma labarin Baba ta Karo da Mary Smith ta wallafa a 1954, inda tsohuwa ta zayyana aurarrakinta da ƙawance da harin masu kamun bayi dalla-dalla.

Ko a yau ma, yankin Kura da kewaye cike yake da cikas na gaske. Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974 aka jawo ruwa ta magudanai zuwa Kadawa, lissafin aure ya sauya, domin kuɗi ba sa jiran kaka kaɗai. A ɗauki saurayin da ya kama hayar fili, ya ci bashin taki da man injin ban ruwa, aka sa masa rana bayan ɗiban tumatir. Ya kai kwandunansa Kwanar Gafan ya tarar kaya sun yi yawa, dillali yana taya masa kuɗin da bai kai na kwando da mota ba, rana tana yi tumatir yana tsiyaya, akwatin lefe ko ɗaya bai haɗa ba. A 2016 tsutsar tumatir ta cinye gonaki a 'yan kwanaki, kuma ba sai an faɗa wa kowa abin da hakan ke yi wa ranar biki ba. Ga matar Kura mai turara shinkafa, wadda ke da jarinta da adashenta, ta yi wa 'yarta kayan ɗaki da guminta, don haka take da bakin magana kan wanda za a ba. Babu boka a nan, kuma ba a bukatarsa.

Za a ce mai karatu hutu take nema, wadda ta yini a hayaƙin tukunyar shinkafa ba ta son a sake kai ta gindin murhu da dare. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, kuma ba laifi ba ne a yi mafarki. Amma In Da So Da Ƙauna da talakan jaruminsa ya karaɗe ƙasar Hausa har aka mayar da shi fim, gasar Hikayata ta BBC Hausa kuma tun 2016 take nuna cewa mata na iya rubuta rayuwar karkara ta kama zuciya. Hukumomi ma ba su taimaka ba: daga kafa Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta Kano a 2001 zuwa ƙona littattafai a 2007, batsa ake farauta, ba wanda ya tambayi ko labarin ya yi kama da rayuwar masu karanta shi.

Don haka kira nake ga marubutanmu, musamman 'yan Kura da Madobi da Bunkure da Garun Malam da ke rubutu a waya: ku zauna da tsofaffin marina da matan da suka ga zuwan ruwan Tiga tun suna raye, ku tambaye su yadda aka nemi aurensu da abin da ya kusa hana shi, sannan ku rubuta.